Inna Ba Ta Yi Mini Magana Sai Daga Nesa

Shekara talatin da bakwai ke nan, a wannan kakar da muke ciki, da rasuwar mahaifiyata Rabi, wadda mutanen ƙauyenmu na yankin Garhanga suka fi sani da Rabi Kurma. Ni ɗin da ta bari da ƙuruciyata yanzu na girme ta nesa ba kusa ba, na yi furfura har a gira. Duk shekara idan aka fara yankan hatsi sai in ce zan rubuta wani abu a kanta, sai kunya ta riƙe mini hannu. Bana dai na ce duk abin da za a ce a ce. Kunya ta riga ta ci mana abin da ta ci, ni da ita, ba zan bar mata wannan ba.

Ba da kurumta aka haifi Inna ba. Sanƙarau ne ya kama ta tana da shekara shida ko bakwai, ya bar mata ranta ya tafi da jinta. An ce da farko tana riƙe da ƴan kalmomi a bakinta, amma da ta lura duk ta furta sai yara sun ƙyalƙyale da dariya, sai ta tattara su ta ajiye, ta koma ga hannuwanta. Ba wanda ya koya mata maganar hannu. Ita da uwarta da ƙawayenta suka ƙera ta, kaɗan kaɗan, a bakin rijiya da gindin turmi. Idan ta murza tafin hannu ta hura, hatsi ke nan. Idan ta gitta sanda a kafaɗa, Bafillace ya shigo gari. Garin Madawa kuwa hawaye take sharewa da ɗan yatsa, saboda albasar da ake nomawa a can. Kowa a garin yana da suna a hannunta, kuma ba kowane suna ba ne mai shi zai so ya gani. Wani maƙwabcinmu mai yawan alkawari ya mutu bai san cewa sunansa a wurin Inna shi ne buɗaɗɗen baki da hannu wofi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka mace ce shiru-shiru abar tausayi. Inna ta fi kowa labari a garinmu. Abin da ba ta ji ba ta gani, kuma gani ya kori ji. Takan san macen da ta samu ciki tun kafin mijin ya sani. Idan mata suka kewaye ta da la'asar sai ka ga suna riƙe ciki don dariya, ita kuwa fuskarta da kafaɗunta da yatsunta duk suna aiki. Abu biyu ne ba ta ɗauka: a dafa ta ta baya, ko a kafa mata baki a kunne ana ihu. Mai son magana da ita ya zagayo ta gaba, ko ya jefa ɗan tsakuwa kusa da ƙafarta, ya jira ta ɗago. Kowa ya san wannan, kowa kuma yana hira da ita son ransa, sai mutum ɗaya a duk faɗin garin. Ni ne mutumin.

Dalili kuwa ni ne ɗanta na fari. Ƴan yanzu ba za su gane nauyin wannan ba, sai in ɗan yi musu bayani. A Adar ta wancan lokaci uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Ana yaye ni aka kai ni gidan kakata, danga ɗaya tsakaninmu da gidan Baba. Wannan ba sabon abu ba ne, haka aka yi wa ƴan fari sa'o'ina duka. Sai dai su iyayensu mata suna da mafita. Uwa takan kau da kai ta dubi bango ta ce, “A gaya wa yaron can ya zo ya ɗauki furarsa,” yaron kuwa yana tsaye yana ji. Ta yi kunya, kuma ta yi magana. Inna ba ta da wannan mafitar. Ita maganarta sai an dube ta, jinta kuma sai ta dubi mutum. Ranar da al'ada ta hana ta kallona, ta hana mu komai ke nan, kuma ba wanda ya lura da hakan, har waɗanda suke ƙaunarmu.

Na tuna wata rana ina ƙarami na tambayi kakata me ya sa Inna take yi wa ƙanwata Mariyama labari, ni kuwa da na shigo sai ta sunkuyar da kai ta kama tsintar wake. Kakata ta ce, “Kai, wanga yaro da tambaya! Uwa ba ta kallon ɗan hwari. Haka munka taras, haka za mu bari.” Abin dai ya tsaya mini a rai. Maganar hannunta duk na iya karanta ta, domin da satar kallo na koya, ina raɓe a bakin danga tana hira da wasu. Sai dai ba a taɓa nufo ni da ita ba, nawa hannuwan kuma ba su taɓa mayar da amsa ba.

Abin ya sauya ina da shekara goma sha huɗu, a farkon shekarun saba'in, lokacin da ruwa ya fara yi mana rowa. Na dawo hutu daga kolej a Tawa, Baba yana ci-rani a kurmi kamar yawancin mazan garin, mu muke fama da gona. Gonarmu ƙorama ce ta raba ta biyu. Ina wannan tsallake ina noma, Inna tana can ƙetare, da nisan da ko ihu aka yi sai an maimaita. Na ɗago in share gumi sai na hange ta tana kaɗa gyale sama. Da ta tabbatar na gan ta sai ta kafa yatsu biyu a ka, ta nuna bayana. Na waiwaya, ashe shanun wasu makiyaya ne suke shirin faɗa wa dawar da ke gefen gona. Na ruga na kora su. Da na dawo tana nan tsaye inda take. Sai ta kai hannu baki, ta buɗe tafi tana tambaya: ka ci abinci? Ta shafa kumatunta biyu ta matse su: ka rame.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye da hauya a hannu ba. Daga ƙarshe na ajiye ta, na dafa cikina na ɗaga hannu, wai na ƙoshi. Na ga kafaɗunta suna rawa, dariya take yi wa hannuna mai in'ina. Wannan ce hirarmu ta farko.

Ashe Inna ta samo tata mafitar. Daga nesa ido ba ya ganin ƙwayar ido, hannu kaɗai ake gani, kuma a nata hukuncin wannan bai taɓa kunya ba. Daga ranar muka samu wurin hira. A gida ko kallon inda nake ba ta yi, idan na durƙusa gaishe ta sai ta juya gefe ta miƙa hannu ta bayanta ta taɓa ƙasa, ta amsa ke nan. Amma da mun isa gona kowa ya kama tsallakensa, sai labari ya ɓarke. Da manyan hannuwa take yi, har da gwiwar hannu da kai, don nisan. A ƙetaren ƙoramar nan na ba ta labarin Tawa da motocinta. A nan ta gaya mini in daina yawo da wani abokina mai sunan da ba zan fassara ba. A nan, bayan shekaru, na nuna mata gidan yarinyar da nake so, sai ta kwaikwayi tafiyar yarinyar daidai wa daida, ta ɗaga hannu ta yarda. Wasu ƴaƴan suna tuna muryar uwarsu. Ni idan na rufe ido ƴar ƙaramar mace nake gani tsakanin karan dawa, hannuwanta suna sama, kuma wallahi har yau ban ga abin da ya fi wannan daɗi ba.

Kwanaki a tashar Madawa na ga wasu samari biyu kurame, ɗaya ya jingina wayarsa a kan buhun albasa yana hira da wani da ke cikin wayar, hannuwansu suna gudu kamar na masu saƙa. Na tsaya ina kallo har mota ta kusa barina. Ban gane ko rabin abin da suke faɗa ba, domin tasu maganar hannun ta makaranta ce. Na tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga wannan. Ina jin za ta ce hannunsu ya yi Faransanci da yawa. Wayar kuwa za ta so ta, sai dai idan ni ne a ciki na san abin da za ta yi. Za ta sa a ɗora ta a kan katangar can nesa, ta koma bakin ɗaki, sannan ta fara magana.

Da na bar abin yadda ta tsara shi, da ban sami abin rubutawa a yau ba sai alheri. Amma na zama mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a wurinmu, ina koyarwa a lakwal, wato makaranta, a wajen Karofan ta ƙasar Buza, na sa wando da takalmi sau-ciki, kaina ya cika da cewa duk abin da aka taras a ƙauye gyara yake jira. Aka tura mu Yamai wani ƙarin horo, a can na ga wani abu da ake kira afarai, wanda ake sa wa masu ƙarancin ji: ɗan akwati kamar na ashana, da siririyar waya, da wani ɗan abu da ake cusawa a kunne. Likitan da ya nuna mini ya ce in kawo ta a duba kunnen tukuna, domin ba kowane kurma yake yi wa amfani ba. Na ce to, na fita na samo abina. A hanya ina ta saƙa yadda Inna za ta ji muryata, yadda za mu zauna a inuwa ɗaya kamar kowa. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba in tsaya a ƙetaren ƙorama in tambaye ta ko tana so.

Washegarin ƙaramar Salla na kai mata, da hantsi, gida cike da ƴan yawon barka. Ni na tara su ma da bakina, ina so a shaida. Na durƙusa a gabanta, kusa ƙwarai, na kama kunnenta na cusa abin, na murɗa shi har ƙarshe, na dubi tsakiyar idonta na ɗaga murya na ce, “Inna! Kina ji na?” Afarai ya yi wata ƙara mai tsini da har na kusa da ita suka ji. Ta zabura. Ta dubi mutane, ta dubi ƙasa. Sannan ta zare abin a hankali, ta naɗe wayar a jikin akwatin, ta ɗora a kan faifai, ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Ni kuwa tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai na hau yi wa jama'a bayanin cewa sabo ne ba ta yi ba, nan da kwana biyu za ta nema da kanta.

Mariyama ce ta ja ni bayan rumbu. Ita a lokacin matar aure ce da ƴaƴa biyu, kuma ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ta ce, “Yaya, kai da karatunka duka ba ka san abin da ka yi ba? Gaban jama'a ka duƙa mata hal hancinka shina biɗar taɓa nata, kai ɗan hwari! Kuma kac ce ma duniya hannunta bai isa ba. Wa yac ce maka tana biɗar ji? Ka tambaye ta?” Na ce alheri na nufa. Ta ce, “Awo, mun sani. Garin gyaran gira ka tsone ido.”

Da damina ta faɗi na dawo hutu, na ɗauki hauya na kama tsallakena. Na kaɗa hula, na kaɗa riga. Inna ta ɗago ta gan ni sarai, ta juya baya ta ci gaba da nomanta. Haka aka yi gobe, haka aka yi jibi. Ba ta fasa aiko mini da fura ba, ba ta fasa amsa gaisuwata ta bayan hannu ba, iyalina kuma tana ji da su kamar ƙwai. Hirar ce kawai ta rufe. Damina uku muka yi a haka. Wanda bai taɓa samu ba yana iya haƙuri, amma ni na ɗanɗana, kuma ni na zubar da hannuna. Na yi kuka a gonar nan ba sau ɗaya ba, ina magidanci.

A cikin shekarun ne furoje, wato babban aikin gyaran ƙasa, ya zo yankinmu na Kaita. Maza suna ci-rani, mata suka fito suna jera duwatsu a kan tuddai don tare ruwa, suna haƙa ramukan dashe. Inna tana cikinsu. Wata rana na bi ta gindin tudun da suke aiki sai na ga abin da ya tsayar da ni. Mata sun warwatsu daga ƙasa har ƙololuwa, kuma hannuwa ne ke yawo a tsakaninsu: a kawo ruwa, dutse ya ƙare a nan, ku kauce ga kamiyo, motar jigilar duwatsu. Duk da hannun Inna suke yi. Wata dattijuwa da ta sauko shan ruwa ta ce mini, “Mushe, nan bisa iska ka kwashe magana. Hannun Rabi ɗai ka kai saƙo.” Abin da na je Yamai in yi wa magani, shi ne masu kunne biyu suke aro suna aiki da shi. Na hango ta can sama tana ba wata umarni. Ta hango ni ita ma, ta sunkuya ta ɗauki dutse.

Daga nan na sauke girman kai na je wurin Mariyama na ce ta koya mini sosai, yadda ake ba da haƙuri, yadda ake cewa na yi kuskure. Ta koya mini tana yi mini dariya, wai hannuna kamar na mai korar kaji. Na iya, na ajiye, ina jiran damina. Ban san cewa Inna ta yi nomanta na ƙarshe ba.

Ba na zargin afarai. Wani abokin aikina da jinsa ya ragu da girma ya sa shi ya ji daɗinsa har ya bar duniya. Na koyar da yarinyar da leɓe take karantawa, ba ta son a yi mata hannu ko kaɗan, na kuma san wani tela a Buza da sai dai ka rubuta masa a takarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yanzu na ji ana cewa a tambayi mutum yadda yake so a yi masa magana, har ana taro a kan haka. Inna da ta ga taron za ta yi mamakin yadda abin da kowace mace a bakin rijiyarmu ta sani ya zama sai an hau mota an je an koyo. Ɗanta mai karatu ne kaɗai bai sani ba.

Ciwon ya kwantar da ita tun kafin shuka, ya ja har kaka. Aka aiko mini Karofan cewa in zo. Na iso bayan azahar, na shiga ɗakin na same ta ta zama ƴar mitsitsiya a kan gado, Mariyama tana yi mata fifita. Na durƙusa, domin gafara na zo nema kuma na san ba ni da wata damar. Na ɗaga hannu zan fara. Ta kau da kai wajen bango, ta yi mini alamar in fita. Ta sake yi, da ƙarfi.

Na fita. Na ce shi ke nan, uwata za ta tafi da fushina. Na nufi ƙofar gida ban ma san inda zan je ba, sai na ji Mariyama tana ƙwala mini kira. “Yaya! Ina za ka? Tsaya nan ga rumbu ka juyo, kai dai ba ka da wayo!” Na juyo. Ashe Inna ta sa an tallabo ta an zaunar da ita a bakin ƙofar ɗaki, an jingina ta da jikin Mariyama. Tsakanina da ita faɗin tsakar gida ne gaba ɗaya, iyakar nisan da gidan yake da shi. Ta ɗago hannu ta buɗe tafi: to, faɗi.

Na faɗa da hannu, yadda aka koya mini. Ta kalla har na gama. Sannan ta cusa ɗan yatsa a kunne, ta yamutsa fuska, ta zabura kamar yadda ta yi ranar Salla, sai kafaɗunta suka kama rawa. Dariya take yi mini. A nan ne hawaye suka cika mini ido. Ta ci gaba da magana, doguwa, hannuwan ba su da ƙarfin tashi sama sai a gaban ƙirji, ni kuwa ina ta goge ido da hannun riga suna sake cikowa, ba na ganin komai sai inuwar motsi. Da idona ya washe tana kan ƙarshe. Ta shafa ƙirjinta, ta share tafi da tafi, ta watsar gefe: babu komai, na yafe. Hannuwan suka sauka a cinyarta. Aka mayar da ita ciki, kwana biyu bayan haka Allah ya karɓi abarsa.

Bayan addu'ar bakwai na tambayi Mariyama abin da Inna ta ce a tsakiya. Ta dube ni da mamaki ta ce, “Ni ƙasa nika kallo. Magana tsakanin uwa da ɗan hwarinta, mi an nawa ciki?”

Idan na auna abin da ya saura na Inna, ba shi da yawa a ido. Ba ta bar hoto ba. Itatuwan da suka dasa a tudun nan sun girma, awaki suna kwana a inuwarsu. Matan garinmu har yau idan suna nesa da juna a gona da hannu suke magana, jikokin da ba su san sunanta ba suna share hawaye da ɗan yatsa idan suna nufin Madawa. Ni kuma ta bar mini hali ɗaya da na koya a makare: ba na kai wa mutum taimako sai na tsaya inda yake so in tsaya na tambaye shi. Allah ya jiƙanta, ya sa can ta fi mata nan.

Gafara dai na samu, na gani da idona, kuma na gode wa Allah. Abin da ta faɗa tsakanin dariyar da gafarar ne ban gani ba, kuma ita ce magana mafi tsawo da uwata ta taɓa yi mini.